Zunɗe a Waya, Cincirindo a Gaban Talabijin: Sharhi kan Wasannin Waƙa na Kai Tsaye a Amurka

A daren Alhamis, 5 ga Disamba 2013, tashar talabijin ta NBC a Amurka ta watsa wasan The Sound of Music kai tsaye na tsawon awa uku. Gari na wayewa labari biyu suka fito game da daren, kuma babu na ƙarya a cikinsu. Na farko, mutum miliyan 18.6 ne suka kalla, adadin da rabon tashar da ta ga irinsa a daren Alhamis, in an cire wasannin motsa jiki, tun shekarar 2004. Na biyu, dandalin Twitter ya kwana cikin ba'a da zunɗe, masu sharhi da dama a jaridu kuma suka ce jarumar wasan ba ta iya ba. Nan jama'a suka rikice. In shirin ya yi kyau, me ya jawo zagin? In kuma bai yi ba, me ya zaunar da miliyoyin mutane har ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Tambayar ta wuce wannan dare ɗaya, domin tashoshin Amurka sun yi ta maimaita irin wannan shiri shekara da shekaru, kuma duk lokacin da aka yi sai takaddamar ta sake tashi.

Ma'anar kalmomi

Wasan waƙa na dandamali shi ne wasan kwaikwayon da ake yi a gaban jama'a a zaure, inda labari ke tafiya da magana da waƙa da rawa a haɗe. Mai kallon finafinan Indiya ko na Kannywood ba baƙo ba ne ga waƙa a tsakiyar labari, amma akwai bambanci babba. A waɗancan finafinai galibi mawaƙi daban ne ke rera waƙar a situdiyo, jarumi ya bi da baki. A dandamali kuwa jarumin ne da kansa zai rera, da numfashinsa, yana tafiya ko yana rawa, a take. Cibiyar wannan sana'a a Amurka ita ce Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa a birnin New York, kuma babbar lambar yabonsu ita ce Tony.

Kai tsaye a nan na nufin abin da kyamara ta ɗauka shi ke isa gidajen mutane a wannan lokacin, ba yanka, ba sakewa. Sabon zubi kuwa shi ne a ɗauko tsohon wasan da aka sani a sake yinsa da sababbin 'yan wasa. Akwai kuma ɗabi'ar da za mu kira kallon neman aibu: mutum ya zauna gaban shirin da ya riga ya yanke cewa ba zai yi kyau ba, waya a hannu, yana jiran tuntuɓe don ya yi ba'a tare da abokansa. Alƙaluman masu kallo da za a ambata a nan na kamfanin Nielsen ne, wanda ke ƙididdige masu kallon talabijin a Amurka, kuma da lissafinsa ake yanke kuɗin talla.

Asalin wasan da dalilin dawo da shi

An fara nuna The Sound of Music a Broadway a shekarar 1959. Richard Rodgers ne ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein ya rubuta baitocin, kuma shi ne aikinsu na ƙarshe tare, domin Hammerstein ya rasu a 1960. Labarin ya samo asali ne daga rayuwar iyalin von Trapp na ƙasar Ostiriya. Wata budurwa mai suna Maria, wadda ke shirin shiga zuhudu a wani gidan ibadar matan Katolika a birnin Salzburg, an tura ta renon 'ya'ya bakwai na wani tsohon kyaftin ɗin sojan ruwa da matarsa ta rasu. Ta koya wa yaran waƙa, ta auri mahaifinsu, sannan iyalin suka gudu daga ƙasar bayan Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya a 1938.

A 1965 aka mayar da wasan fim, Robert Wise ya ba da umarni, Julie Andrews ta fito a matsayin Maria, Christopher Plummer kuma a matsayin kyaftin. Fim ɗin ya lashe lambar Oscar biyar, har da ta fim mafi kyau, kuma tashoshin Amurka sun daɗe suna maimaita shi lokacin bukukuwa, har ya zama abin da kaka da jika suka haddace tare.

Shi ma watsa wasan waƙa kai tsaye ba sabon abu ba ne a can. A shekarun 1950, kafin naɗar shiri a faifai ta yi sauƙi, haka ake yi. NBC ta nuna Peter Pan kai tsaye a 1955, CBS kuma ta nuna Cinderella a 1957, wanda aka ƙiyasta fiye da mutum miliyan 100 sun kalla. Jarumar wannan Cinderella ɗin ita ce Julie Andrews, wato matar da aka yi ta ɗaga sunanta ana dukan shirin 2013 ita ma ta taɓa yin irin wannan kasada tana ƙuruciya. Da naɗa da gyara suka yi arha, sai aka watsar da al'adar fiye da shekara hamsin.

Abin da ya dawo da ita kuɗi ne. Zuwa 2013 manyan tashoshi sun ga masu kallo na zamewa zuwa Netflix da makamantansa, waɗanda suka rage kuma suna naɗar shiri su kalla daga baya, su tsallake talla. Shirin da mutum ba zai yarda ya bari sai gobe ba shi ne wanda ake yi yanzu-yanzu. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun san haka: wasan da aka riga aka ji sakamakonsa ba ya cika benci. Robert Greenblatt, shugaban sashen nishaɗi na NBC a lokacin, ya ɗauko furodusoshi biyu da suka ƙware a wannan fanni, Craig Zadan da Neil Meron. Aka gina dandamali a Grumman Studios da ke Bethpage a jihar New York, tsohuwar masana'antar jirage inda aka ƙera kumbon da ya sauke 'yan sama-jannatin Apollo a duniyar wata. Kamfanin Walmart ya zama babban mai ɗaukar nauyi, har ya shirya tallace-tallace na musamman a kan waƙoƙin wasan.

Tushen ruɗani na farko: wane ne asali?

Yawancin masu kallo sun zauna ne suna jiran fim ɗin 1965. Abin da NBC ta shirya kuwa wasan dandamalin 1959 ne, kuma ta faɗi haka tun kafin ranar, sai dai sanarwa ba ta goge abin da ke cikin kai tun yarinta. Tsakanin zubin biyu akwai tazara. A fim, Maria na rera waƙar My Favorite Things ne ga yaran a ɗakin kwananta, ana tsawa da ruwan sama. A dandamali, ita da shugabar gidan zuhudu ne ke rera ta tun farkon wasa, a daren tsawar kuma wata waƙa daban ake yi, The Lonely Goatherd, wadda fim ya mayar wasan 'yar tsana. Haka nan Elsa, attajirar da kyaftin ya so aura, da abokinsa Max suna da waƙoƙi biyu a dandamali da fim ya cire. Ɗaya daga cikinsu tana da nauyi ƙwarai, domin a cikinta ne suke lallashin kyaftin ya bi iska ya sassauta wa 'yan Nazi, ya ƙi, kuma nan maganar aurensa da Elsa ta watse. A fim, rabuwar ta fi karkata ga kishi da soyayya.

Saboda haka da yawa daga cikin masu kukan cewa an ɓata wasan, an jirkita waƙoƙi, an cusa wasu, a haƙiƙa tsarin asali suke gani karo na farko. Wannan kuskure ne na fahimta, kuma gyara shi ba wuya. Amma akwai abin da bayani ba ya magancewa. Fim ɗin an ɗauke shi ne a Salzburg, da tsaunuka na gaske da tafki da sararin sama. Shirin NBC kuwa itatuwan roba ne da hoton tsauni a bango, ƙarƙashin fitilun situdiyo. A zauren wasa ido na yafe wannan, domin mai kallo na nesa kuma ya shigo da niyyar yarda. Kyamara kuwa ba ta da kara, tana matsowa har sai ta nuna ɗinkin labule.

Batun Carrie Underwood

Mafi yawan zafin ya sauka ne a kan mutum ɗaya. Carrie Underwood mawaƙiya ce da ta lashe gasar American Idol a 2005, ta zama babbar tauraruwa a salon waƙar karkarar Amurka. Wasan kwaikwayo ba sana'arta ba ce. Tun ranar da aka sanar da sunanta aka fara yi mata ruwan saƙonnin ƙiyayya, ita da kanta ta faɗi haka kafin shirin. Wasu daga zuriyar von Trapp ma sun bayyana cewa da wata suka so a ba matsayin.

Hukuncin da masu sharhi suka yanke bayan shirin kusan bakinsu ɗaya: murya akwai, ta rera waƙoƙi masu wuya awa uku ba ta karye ba, amma idan waƙa ta ƙare aka koma magana sai fuskarta ta daskare, kalmomin su fito kamar hadda. Abin da ya ƙara tona wannan rauni shi ne waɗanda aka jera ta da su. Audra McDonald, wadda ta fito a matsayin shugabar gidan zuhudu, tana da lambar Tony biyar a lokacin. Laura Benanti da Christian Borle, masu matsayin Elsa da Max, su ma 'yan Broadway ne da suka ci wannan lamba. Lokacin da McDonald ta rera Climb Ev'ry Mountain tana riƙe da Maria, hawaye suka cika idon Underwood, kuma ko masu zunɗen sun yi shiru na 'yan mintuna. Wannan ne wurin da kusan kowa ya yarda shirin ya taɓa zuciya.

Ga inda lissafin ya sarƙe. Da an ba ƙwararriyar Broadway matsayin Maria, da wasan ya fi tsari, amma da wuya mutum miliyan 18 su kunna. Sunan Underwood ne ya jawo magoya bayanta daga jihohin kudu da tsakiyar ƙasar, waɗanda yawancinsu ba su taɓa taka gidan wasa a New York ba, kuma sunan nata ne ya jawo masu jiran ta faɗi. Tashar ta san da wannan ciniki lokacin da ta zaɓe ta. Bayan shirin Underwood ta mayar da martani a Twitter cikin harshen addini, tana nuna cewa masu mugun baki addu'a suke buƙata, abin da ya faranta wa mabiyanta rai ya kuma ba masu ba'a sabon abin taunawa.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu kare shirin, musamman 'yan sana'ar dandamali, hujjarsu ita ce tikitin Broadway na da tsada kuma New York na da nisa. Yaron da ke ƙauyen Oklahoma ya ga Audra McDonald a falon gidansu kyauta. A dare ɗaya wasan ya isa ga mutanen da gidan wasa mai kujera dubu ɗaya da ɗari biyar zai yi shekaru da dama yana cika kullum bai tara ba. A wajensu, ko da kurakurai, riba ta fi.

Masu suka kuma sun kasu biyu, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai masu ganin fim ɗin 1965 ya gama magana, taɓa shi ma rashin kunya ne. Wannan ra'ayi na ƙauna ne, amma ya manta cewa wasan dandamali an rubuta shi ne don a yi ta maimaitawa, kuma makarantun sakandare da ƙananan ƙungiyoyi a Amurka suna yin wannan wasa kowace shekara ba wanda ya ce sun ci mutuncin kowa. Sai kuma masu sukar sana'a, waɗanda maganarsu ta fi nauyi. Sun lura cewa babu 'yan kallo a situdiyon. Waƙa za ta kai ƙololuwa ta tsaya, inda aka saba jin tafi sai shiru da ɗan sautin na'ura. Barkwancin da aka rubuta da tazarar dariya sai ya faɗi ƙasa ba mai ɗauka. Kiɗan ma an riga an naɗe shi, muryoyin ne kawai na take. A ganinsu an ɗauki haɗarin dandamali an bar ɗuminsa.

Game da masu kallon neman aibu, alƙaluma sun rage musu girma. Saƙonnin Twitter da Nielsen ta ƙirga game da shirin a daren ba su kai rabin miliyan ba, kuma ba duka ne na zagi ba, alhali masu kallo sun haura miliyan 18. Mafi rinjayen jama'a sun kalla ne da iyalansu, suka kashe talabijin suka kwanta ba su rubuta komai ba. 'Yan jarida kuwa suna cikin Twitter a daren, shi ya sa abin da suka gani a waya ya zama kanun labarai da safe. Sannan ga mai talla, mai zunɗe da mai jin daɗi duk kai ɗaya ne a ƙidaya. Mai zunɗen ma ya fi amfani ta wani ɓangare, domin dole ya kalla a take, ba'ar da aka yi washegari ba ta da armashi.

Abin da shekarun da suka biyo baya suka nuna

A Disamba 2014 NBC ta kawo Peter Pan, da Allison Williams da Christopher Walken. Wannan karo kowa ya zo da shirinsa, har jarumar ta roƙi jama'a tun kafin ranar su ajiye izgili. A wasan akwai wurin da aljanar nan Tinker Bell ke bakin mutuwa, a al'ada kuma 'yan kallon zaure ne ke tafi su ceto ta. Da yake babu kowa a situdiyon, sai Williams ta dubi kyamara ta roƙi na gida su tafa, aka kuma sa alamar Twitter a allo. Babu wata babbar ɓarna da ta auku, shirin dai ya yi tsawo ya yi sanyi, masu kallo suka sauka zuwa miliyan 9.2, rabin na 2013.

The Wiz na Disamba 2015 ya canza yanayin. Wasan ya fito ne a Broadway tun 1975, sabon zubi ne na labarin Wizard of Oz da baƙaƙen fata zalla. Aka ɗauko sabuwar fuska, Shanice Williams, a matsayin yarinyar da labarin ke kanta, aka kewaye ta da Queen Latifah da Mary J. Blige, aka kuma ba Stephanie Mills, wadda ta riƙe babban matsayin a 1975, rawar goggon yarinyar. Mutum miliyan 11.5 suka kalla, kuma hirar da ta mamaye Twitter ta murna ce, musamman a tsakanin baƙaƙen Amurka da suka ɗauki wasan a matsayin gadonsu. 'Yan tsirarun da suka yi ƙorafin rashin farar fata a ciki an tuna musu cewa haka wasan yake tun 1975.

Tashar Fox ce ta ɗauki darasin rashin 'yan kallo. A Grease na ranar 31 ga Janairu 2016 ta zuba mutane a benci cikin filin wasan, ta bar kyamara ta nuna bayan fage, ana kwasar 'yan wasa a ƙananan motoci daga wannan situdiyo zuwa wancan a harabar Warner Bros. Ruwan sama ya sauka a ranar, aka fito da laima aka ci gaba. Sauti ya ɗauke na ɗan lokaci a tsakiyar wata rawa. Ɗaya daga cikin jaruman, Vanessa Hudgens, ta hau fage kwana ɗaya bayan rasuwar mahaifinta, jama'a kuma sun sani. Duk waɗannan ba su rage wa shirin komai ba, sai ma suka tabbatar wa mai kallo cewa abin na faruwa ne a gabansa. Mutum miliyan 12.2 suka kalla, shirin ya kuma ci lambar yabon talabijin ta Emmy guda biyar.

Sai Rent, ranar 27 ga Janairu 2019, wanda ya fi kowanne bayyana abin da jama'a ke saye. Ana gwajin ƙarshe a jajibirin shirin, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan, Brennin Hunt, ya karye a ƙafa. A Broadway kowane babban matsayi na da ɗan ko-ta-kwana da ya haddace shi, amma a nan ba a tanadi kowa ba. Fox ta watsa naɗaɗɗen gwajin jiya, ɓangaren ƙarshe kawai aka yi kai tsaye. A gwaji kuwa mawaƙi kan tattala muryarsa saboda gobe, kuma an ji hakan. Abin da ya ƙara fusata mutane shi ne, a daidai wannan lokaci 'yan wasan na cikin situdiyo suna rera wasan ga waɗanda suka halarta, Hunt na kan keken guragu, kuma guntayen bidiyon da aka ɗauka da waya sun bazu. Tambayar da ta cika dandalin a daren ita ce me ya hana a nuna wannan. Mutanen da suka yi shekaru suna farautar kuskure sun nuna cewa sun fi son wasa mai karyayyar ƙafa a take da lafiyayye na jiya. Masu kallo miliyan 3.4 kacal aka samu, ko da yake jigon wasan, wato talauci da cutar ƙanjamau a New York, dama ba irin na zaman iyali ba ne kamar na baya.

Tasiri da inda aka dosa

Ga Broadway, shirye-shiryen sun zama talla mai faɗi, sun kuma sa fuskokin da a da sai mai tikiti ke gani sun shiga gidaje. Ga tashoshi, ribar ta yi ta raguwa. Hairspray a 2016 da Jesus Christ Superstar a 2018 kowanne ya tsaya wajen miliyan tara, duk da cewa na biyun, wanda John Legend ya jagoranta a gaban cikakken zaure ranar Ista, ya sha yabo fiye da na 2013 nesa ba kusa ba. Wato inganci ya hau, adadi ya sauka. Dalilan a bayyane suke: ɗokin sabon abu ya wuce, masu kallon manyan tashoshi na raguwa gaba ɗaya, sannan wasannin da kaka da jika suka sani tare ba su da yawa, kuma an fara ne da mafi girmansu. Ko a Ingila, da tashar ITV ta gwada nata The Sound of Music kai tsaye a Disamba 2015, wannan sunan dai ta ɗauko.

Kwanaki kaɗan bayan abin da ya sami Rent, NBC ta soke shirin Hair da ta riga ta sanar. A Yuli 2020 kuma Disney+ ta saki Hamilton, wanda aka naɗa a gidan wasa na gaske da 'yan wasan asali da 'yan kallo, aka gyara shi a tsanake, ya kuma samu karɓuwa sosai. Wannan hanya ta fi sauƙin haɗari, kuma ita ta dace da kamfanonin da kuɗin rajistar wata-wata ke riƙe da su maimakon tallan dare ɗaya. NBC ta sake gwadawa da Annie a Disamba 2021, da 'yan kallo a zaure, masu sharhi suka yaba daidai gwargwado, masu kallo kuma suka tsaya wajen miliyan biyar.